Tambaya da Amsa: Kuskuren Lissafi a Takardar Bashi

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kasuwar Dole. Bara bayan kaka na ɗauki buhun wake 40 bashi a hannun wani Alhaji, kowane buhu a kan jika 25, wato sefa 25,000, amma yaron da ya rubuta mana takarda ya sa jimilla sefa 900,000 maimakon miliyan ɗaya, kuma dukanmu muka sa hannu ba mu lura ba. Na biya jika 600. Yanzu Alhaji ya duba takarda ya ce saura jika 300, in kawo 250 ya yafe mini 50. Abokina ya ce in yi shiru tunda abin da aka rubuta ke nan. Mene ne ya dace in yi? Daga wani mai karatu, unguwar Birni, Damagaram.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ke kanka shi ne abin da kuka yi ciniki a kai, wato miliyan ɗaya, domin takarda shaida ce kawai ta abin da kuka ƙulla da baki, kuma idan alƙalamin marubuci ya zame, haƙƙin mai kaya yana nan yadda yake. Saboda haka ragowar bashinka jika 400 ne.

Inda nake so ka tsaya ka yi tunani shi ne batun yafiyar. Alhaji ya yafe jika 50 yana sane, wannan kuwa halal ɗinka ne. Amma jika 100 da suka ɓace a lissafi bai san da su ba, kuma mutum ba ya yafe abin da bai san yana binsa ba. A aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ta yi umarni da rubuta bashi, wanda ake bi aka ɗora wa shibtar abin da za a rubuta, aka kuma gargaɗe shi da ya ji tsoron Allah kada ya rage komai daga ciki. Ka ga amanar adadin a wuyanka take tun ranar farko. Haka nan ya tabbata a hadisi cewa wanda aka yanke wa hukunci da haƙƙin ɗan'uwansa saboda ya fi iya kafa hujja, yankin wuta aka yanka masa. Shawarar abokinka ta dame ni, domin tana mayar da kuskuren yaro ya zama zalunci daga gare ka.

Ko ta fuskar doka ma shirun ba zai fisshe ka ba. Tunda adadin buhuna da farashin kowane buhu suna cikin takardar, duk alƙalin da ya duba zai ninka 40 da 25 ya gyara jimillar. Dokar kasuwanci ta OHADA, wato dokar bai-ɗaya ta wasu ƙasashen Afirka wadda Nijar ke aiki da ita, ta yarda a kafa hujja a kan ɗan kasuwa ta kowace hanya, har da shaidu da littafin ajiyar lissafi, kuma ta ba da wa'adin shekara 2 na kai ƙara a kan cinikin kaya tsakanin ƴan kasuwa.

Ka je wurin Alhaji da kanka, ku zauna daga kai sai shi, ka nuna masa inda lissafin ya kauce. Ina kyautata zaton zai bar maka jika 50 ɗin, ka cika 350, idan kuma ya ƙara maka rangwame bayan ya san gaskiya, ka karɓa da godiya. Idan kuɗin ba su cika a hannunka ba, ka roƙi a raba maka biyan kashi-kashi.

Kada ku kankare tsohuwar takarda ko ku yi gyara a kanta. Ku rubuta sabuwa wadda za ta ambaci ranar ta farko, da kuskuren da aka gano, da abin da aka biya, da abin da aka yafe, da ranar cikawa. A rubuta kuɗin da lambobi da kuma kalmomi, a fayyace cewa sefa ake nufi, domin mu a nan da dala da jika muke ƙirga a baki alhali da faran, wato sefa, ake rubutawa, kuma ta wannan ƙofa kuskure yake yawan shigowa. Idan da Faransanci aka rubuta, a fassara muku da Hausa a gaban shaidu biyu kafin kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, kowannenku ya riƙe tasa. Ranar da ka cika biya, Alhaji ya rubuta maka cewa ba ya binka komai.

Idan kuwa maganar ta ƙi daidaita, ku fara da dattawan kasuwa ko mai unguwa, sannan fadar Sarkin Damagaram, domin sarakunan gargajiya suna da hurumin sasanta irin wannan kafin a kai ga kotu.