Amsa ga uwar da ke neman manhajar sa ido a wayar 'ya'yanta

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Tun da safe na ga tambayarki, sai yanzu na samu zama. Kin ce kina da 'ya mai shekara 14 da ɗa mai 11, kina neman manhajar da za ta riƙa nuna miki abin da suke yi a TikTok da WhatsApp, in da hali ma ba tare da sun sani ba. Shekara uku ke nan ina wannan fama da nawa yaran, uku a cikinsu sun isa riƙe waya, bari in gaya miki abin da na gani da idona.

Ki fara da Family Link ta kamfanin Google. Kyauta ce, tun 2017 take, kuma wayoyin da muke saya wa yara, Tecno ne ko Infinix ko itel ko Samsung, duk tana aiki a kansu. Kina ɗora ta a wayarki, ki haɗa da ta yaron. Daga nan ba zai iya sauke komai daga Play Store ba sai saƙo ya zo miki kin amince. Za ki ga awa nawa ya yi a kowace manhaja, ki yanke masa lokaci, ki sa ƙarfen da wayar za ta kulle kanta. Ni na ba ɗana awa ɗaya da rabi a ranakun makaranta, awa uku Asabar da Lahadi, ƙarfe tara na dare kuma ta rufe. Ko a rufe take, in kin kira shi zai iya ɗauka. Satin farko da na duba lissafin, ashe ba TikTok ɗin da nake tsoro ke cinye masa lokaci ba, wasan ƙwallo ne, kusan awa huɗu a yini. Da ban gani ba da na ci gaba da yi masa faɗa a kan abin da ba shi ne matsalarsa ba.

Inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne imel. Yawancinmu mai shagon waya ne ke buɗe wa yaro imel ranar da aka sayi wayar, ya sa shekarun babban mutum don a gama da wuri. Muddin wayar na ɗaukar yaron a matsayin ɗan shekara 30, duk wata kariya ta yara ba za ta hau ba. Ki cire wancan, ki buɗe sabo daga cikin Family Link da ainihin ranar haihuwarsa, lambar sirrin kuma ta zauna a hannunki. Sannan ki rufe damar ɗora manhaja daga wajen Play Store, don yaran yanzu kan mage ya waye: abokinsa zai turo masa GBWhatsApp ko wata manhajar ta Xender cikin minti biyu. Ki kuma toshe Opera Mini da Phoenix ki bar masa Chrome kaɗai, domin tacewar shafukan batsa da kika saita a Chrome take aiki. Family Link na kuma nuna inda yaro yake, amma sai wayarsa na da data, kada ki dogara da hakan sosai. In iPhone ce a hannun 'yar taki, ba sai kin sauke komai ba, akwai Screen Time a cikin saitin wayar tun 2018, aikinsu kusan ɗaya.

Yanzu maganar WhatsApp, wadda na san ita ce ta fi damunki. Family Link ba ta karanta saƙonni. Tun 2016 WhatsApp ya kulle saƙonninsa yadda daga mai turawa sai mai karɓa ke gani. Manhajojin da ake tallatawa cewa za su nuna miki hirar yaro a ɓoye, sai kin kashe kariyar wayar kafin su hau, kuma abin da suke yi shi ne kwashe saƙonni da hotuna su ajiye a rumbun kamfaninsu, ke kuma ki leƙa daga can. Ki tsaya ki yi tunanin hotunan 'yarki budurwa a hannun mutanen da ba ki san su ba. Ɗaya daga cikin manyansu, mSpy, bayanan masu amfani da ita sun fita waje a 2015, suka sake fita a 2018 da 2024. Wallahi ko kyauta aka ba ni ba zan sa wa 'yata ba.

Ni kaina na taɓa bin hanyar ɓoye, kuma har yau ina nadama. Babbar 'yata tana da shekara 15 lokacin. Tana wanka na ɗauki wayarta na haɗa WhatsApp ɗinta da kwamfutata. Sati biyu ina karanta hirarta da ƙawayenta, ban ga komai ba sai zancen jarrabawa da ɗinkin Sallah da ƙorafin cewa na cika faɗa. Ranar da ta gano, don WhatsApp yana nuna na'urorin da aka haɗa, ba ta ce min uffan ba. Ta cire, ta ajiye wayar a kan gado ta fita tsakar gida. Daga ranar hirar da muke yi a kicin ta mutu, in na tambaye ta abu sai «to» da «a'a». Daga baya na ji wayar wata ƙawarta take ara a Islamiyya. Na rasa ganin wayar, na rasa jin bakinta. Sai da na zaunar da ita na ba ta haƙuri, na gaya mata tsoron da ya sa ni, kafin a hankali ta dawo. Ya ɗauki watanni.

Shi ya sa nake roƙonki, duk abin da za ki saita, ki saita a gabansu. TikTok na da Family Pairing tun 2020: kina haɗa asusunki da nata, ki taƙaita lokaci, ki zaɓi wa zai iya turo mata saƙo. 'Yar ƙasa da 16 ma ba a buɗe mata akwatin saƙo gaba ɗaya, in dai shekarun gaskiya aka sa. Instagram ya fito da asusun matasa a 2024, wanda ke rufe shafin yarinya daga baƙi, ya daina turo sanarwa daga ƙarfe 10 na dare zuwa 7 na safe, ke kuma ki ga da wa ta yi hira a kwanaki bakwai na baya ba tare da kin karanta abin da aka ce ba. A WhatsApp ki shiga saitin sirri tare da ita, ku gyara yadda sai wanda ke cikin lambobinta zai iya jefa ta a guruf ko ya ga hotonta. Shi kuwa ɗan shekara 11, su kansu kamfanonin TikTok da Instagram shekara 13 suka sa a matsayin mafi ƙarancin shekaru. YouTube Kids da wasanninsa sun ishe shi.

Na kuɗi irin su Qustodio da Kaspersky Safe Kids suna da kyau, amma da kuɗin waje ake biya duk shekara, kuma ni ban ga abin da suka ƙara min da ya kai kuɗin ba. Masu duba kalmomi su aiko da gargaɗi, irin Bark, Turanci suka fi ji, yaranmu kuwa Hausa suke rubutawa a gutsure, rabi ma murya suke turawa.

Akwai kuma abin da babu manhajar da ke gani: memorin da aka cika a wurin 'yan dawunlodin, da wayar yaron maƙwabta, da tsohuwar wayarki da ke cikin durowa. A gidana ƙarfe tara kowa ke kawo wayarsa ɗakina a sa caji, har da ta babbar. Data mai arha ta tsakar dare ita ta fi lalata musu barci da karatu. Kuma ki sa Abbansu a ciki, Family Link na karɓar iyaye biyu. In bakinku bai zo ɗaya ba, ke ki kulle, su lallaɓa wurinsa ya buɗe.

Watannin baya ƙaramar 'yata ta kawo min wayarta da kanta, hannunta na rawa. Wani ne da ba ta sani ba ya dame ta da neman hoto, har da alkawarin tura mata kati. Muka ɗauki hoton saƙonnin, muka toshe shi, muka kai ƙararsa ta cikin manhajar, Abbanta ya canja mata layi washegari.

In kin tashi saitawa ki ware yammacin Asabar, wayoyin a cike da caji, da data a kowacce. Ki faɗo min irin wayoyin da suke riƙewa, in sha Allahu zan bi da ke mataki-mataki, don wurin da saitin yake a Tecno ya ɗan bambanta da na Samsung.