Ana samun tsofaffin kayan katun a gwanjo?

Malam, ka tambaya ko ana samun tsofaffin riguna da 'yan tsana masu siffar Mickey Mouse ko Tom da Jerry a gwanjo, da kuma yadda ake gane na da. Ana samu sosai, domin diloli da yawa daga Turai da Amurka suke zuwa, masu sayarwa kuwa kyan kaya suke dubawa, ba shekarunsa ba. In kana Kano ka fara da Ƙofar Wambai. Ka saba da mai fasa dila ya riƙa gaya maka ranar buɗewa, ka je da sassafe kafin a tsince.

Fara duba rubutun da ke wuyan riga ko ƙarƙashin 'yar tsana. In ka ga "Walt Disney Productions", wato tsohon sunan kamfanin da ya mallaki Mickey Mouse, galibi kafin 1986 aka yi kayan, shekarar da kamfanin ya sauya suna. Amma kada shekarar da ke jikin hoto ta ruɗe ka, nan ne mutane suka fi yin asara. Kayan Snoopy, wani karen katun, da yawa suna ɗauke da 1958, alhali shekarar haƙƙin mallakar zanen ce, ɗinkin kuwa ya zo shekaru da yawa bayan haka.

Sai bakin hannun riga. Layin ɗinki ɗaya alamar tsufa ce, don wajajen tsakiyar shekarun 1990 masana'antu suka koma layi biyu.

In ka dace, don Allah kada ka sa bilic. Wanke da hannu, ka shanya a inuwa, rana tana kashe launin zanen.