Tambaya da Amsa: An rage mini tumbi, ga shi ƙibar tana dawowa

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara biyu da rabi ke nan da aka yi mini tiyatar rage tumbi a Indiya. Na sauka daga kilo 124 zuwa 83, yanzu kuma sikeli na nuna 94. Ba na iya cinye malmalar tuwo ɗaya, sai dai bakina ba ya hutawa, musamman da dare idan raina ya ɓaci. Tumbin ne ya sake buɗewa? Sai an sake yi mini aiki?
Wata mai karatu, Kano

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, wannan abu ne sananne. Galibi nauyi kan kai ƙarshen saukarsa tsakanin wata 12 zuwa 18 bayan tiyata, daga nan mutane da dama kan ƙara wasu kilo. Har yanzu kina ƙasa da nauyinki na da da kilo 30, amma ƙarin kilo 11 ya isa a tsaya a bincika.

A irin tiyatar da aka yi miki, wadda ake kira siliv, ana cire kusan kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbi, har da ɓangaren da ya fi samar da girelin, sinadarin da ke tayar da yunwa. Shi ya sa a shekarar farko abinci ba ya ba ki sha'awa. A hankali yunwa kan dawo, tumbin ya ɗan saki, shi kuma jikin da ya rame ba ya ƙona kuzari kamar da. Sai dai tunda malmala ɗaya ta gagare ki, ba ma zargin tumbin da farko. Zarginmu yana kan ciye-ciyen tsakanin abinci.

Tumbin da aka rage, abinci mai nauyi kaɗai yake tarewa, kamar nama da wake da ƙwai. Abin sha da abin da ke narkewa a baki wucewa kawai suke yi: kunun zaƙi, fura da sukari, shayi mai kauri, zoɓo, cincin, biskit, alawa. Kwalbar Coca-Cola mai santilita 50 tana ɗauke da sukari giram 53, wato kusan ƙaramin cokali 13, kuma ba za ki ji ƙoshi ba bayan kin shanye. Loma biyu yanzu, loma uku anjima, kafin dare kin ci fiye da wanda ya zauna ya cinye kwano.

Batun ɓacin rai shi ne gindin maganar. Likitan fiɗa tumbi ya yanka, bai taɓa dalilin da ya sa hannu ke kai wa firij ba idan an yi faɗa da maigida ko kaɗaici ya dame ki. Yunwar gaskiya a hankali take zuwa, kuma ko dafaffen ƙwai aka ba ki za ki ci. Ta zuciya farat ɗaya take zuwa, zaƙi ko soye take nema, bayanta kuma sai nadama. Ki samu ɗan littafi, tsawon mako biyu ki riƙa rubuta duk abin da ya shiga bakinki, da lokacin, da halin da zuciyarki ke ciki. Za ki gano sa'o'in da abin ya fi kama ki. Idan kwaɗayin ya taso, ki jinkirta minti 15, ki tashi daga wurin, ki yi alwala, ko ki zaga tsakar gida, ko ki kira wata 'yar'uwa. Kayan ƙwalama kuma a daina ajiye su a ɗaki, ko da sunan na yara ne. In kuwa kina jin ba ki iya tsayar da ci, ko kina ci a ɓoye, ko baƙin ciki ya wuce mako biyu yana hana ki barci, ki ga masanin halayyar ɗan'adam ko likitan ƙwaƙwalwa. Zuwa wurinsu ba ya nufin hauka, ko da mutane za su faɗa.

Tsarin ci kuwa, sau uku a rana, a zaune, a ƙaramin faranti, minti 20 zuwa 30, in lokacin ya cika a ɗauke kwanon. Ki fara da furotin, giram 60 zuwa 80 a yini: ƙwai ɗaya na da kusan giram 6, dafaffiyar kaza ko kifi daidai tafin hannu kusan 25, kofin nono kusan 8. Sai ganye, tuwo ko shinkafa a ƙarshe in da sauran wuri. Kada ki haɗa ci da sha, ki bari sai bayan minti 30, don ruwa na tura abincin ya wuce da wuri. Ruwa lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini, da tafiyar ƙafa aƙalla minti 150 a mako.

Ki lura da wannan: in zufa da rawar jiki da jiri na kama ki awa ɗaya zuwa uku bayan shan zaƙi, mai yiwuwa sukarin jininki ne ke faɗuwa, shi ke sa ki sake neman zaƙin. Ki sanar da likita. Ki kuma kai masa duk magungunan da kike sha, don insulin, firedinisolon (maganin kumburi da asma), allurar tazarar haihuwa ta wata uku da wasu magungunan damuwa suna ƙara nauyi. A auna miki jini don ganin sinadarin ƙarfe da bitamin B12 da D.

Sake tiyata ita ce mataki na ƙarshe, kuma haɗarinta ya fi na farko. Kafin a kai nan sai an leƙa tumbin da na'ura ko an ɗauki hotonsa an tabbatar ya buɗe. Akwai allurai irin su Wegovy da Mounjaro da ke rage yunwa, kuma ana ba wa waɗanda nauyinsu ya dawo bayan tiyata, amma da takardar likita. Suna da tsada, akwai jabu a kasuwa, mai ciki ba ta amfani da su, kuma in an daina nauyin kan sake hawa. Ki fara da littafin nan na mako biyu, ki tafi da shi ranar ganin likita.