Jikan Sarkin Aska yana tambayar beli

Ɗana, saƙonka ya same ni bayan la'asar, ƙanwarka ce ta karanta mini don idon ya daina jituwa da ƙananan rubutun waya. Barka da arziki, Allah ya raya mana, ya ba mai jego lafiya. Sai da na yi dariya har tari ya sarƙe ni, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Wai ko dole ne wanzami ya cire wa yaron beli, don matarka ta ce ba mai sa wa ɗanta ƙarfe a baki, Hajiya mahaifiyarka kuma ta ce a gidanmu ba a taɓa barin jariri da hakin wuya ba. Jikan Sarkin Aska guda ke tambayar wannan, ta waya kuma! Da ka tako ƙafa ka zo ai da mun yi ta a zaure, amma ku yanzu har gaisuwar mutuwa da yatsa kuke yi.

Ba ka san kakanka ba. Zabirarsa ta jar fata ce, ta yi baƙi don shan hannu, a ciki akwai asake, ƙahoni uku, dutsen wasawa da ɗan ƙoƙon ruwa. Shi ke aski, shi ke kaciya, shi ke ƙaho, shi ke tsaga ƙurji, duk garinmu da ƙauyukan gefe. Ni nake riƙe masa zabirar, ina ɗan shekara goma sha biyu, a ranar da masu lamba, wato masu rigakafi, suka zo.

Cikin 1968 ne, da hunturu, ana tsakiyar yaƙin basasa. Tun dare sanƙira ya zaga cewa gobe kowa ya hallara ƙofar gidan dagaci, babba da yaro, za a yi lambar agana. Kafin gari ya waye magana ta juye, aka ce da bindiga suke tafe. To a lokacin da ake kwasar samari soja, ka ce bindiga? Mata suka cusa 'ya'ya cikin rumbuna, wasu samari suka shige dawa. Da hantsi mota ta iso ta tsaya ƙarƙashin durumi, aka sauke tebur da akwati, aka fito da abin. Bindiga ce kuwa a ido, da igiya ta haɗa ta da wani mataki a ƙasa, sai mai aikin ya taka da ƙafa sannan ya ɗora bakinta a damtse. Fili ya cika da dattawa, kowa ya naɗe hannu cikin riga, ba mai matsawa.

Kakanka ya karɓi bindigar ya juya ta, ya leƙa bakinta, ya ce ina tsinin? Aka ce babu, ƙarfin turi ne ke shigar da ruwan cikin fata. Ya daɗe yana kallonta, irin kallon da maƙeri ke yi wa aikin wani maƙerin. Shi ya san agana. Ya wanke gawar ƙannensa biyu a shekara ɗaya, fuskar gwaggonmu kuma duk zanzana ce, ido ɗaya ya tafi. Sai ya tattare hannun riga har kafaɗa, ya ɗaga murya ya ce, "An ce wanzami ba ya son jarfa, to yau ga wanzami ya kawo kansa." Aka ji cak! Ko gezau bai yi ba. Ya fizgo ni na biyu, zabira a wuyana, ina kuka tun kafin a taɓa ni. Kafin azahar layi ya kai bakin kasuwa, yara na fitowa da ƙaiƙayin gero a ka. Tabon na nan a hannuna na hagu. Daga 1970 ba a sake ganin agana a Najeriya ba, na ƙarshe da ya kamu da ita haka kawai a cikin jama'a wani ne a Somaliya a 1977, a 1980 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an gama da ita.

A hanyar komawa gida ya ce da ni, "Aska ba ta da dangi, wanda ya riƙe ta shi ke da amana." Ban gane ba sai da na shiga Makarantar Tsafta ta Kano don aikin duba-gari. A can na ji cewa a Ingila ma wanzamai da likitocin fiɗa ƙungiya ɗaya suke tun 1540, sai a 1745 suka raba gari. Kuma kada ka ɗauka likitocin Turawa da tsafta aka haife su. A wani babban asibitin Biyana, babban birnin Ostiriya, likitoci kan tashi daga fiɗar gawa su wuce ɗakin haihuwa, masu jego na ta mutuwa da zazzaɓi fiye da na ɓangaren ungozomomi. A 1847 wani likita, Semmelweis, ya tilasta a riƙa wanke hannu da ruwan kilorin. Mace-macen da suka kai 18 cikin 100 a wata guda suka dawo ƙasa da 3. Abokan aikinsa suka ji haushi, wai ya ce hannun manya na da dauɗa. A gidan mahaukata ya mutu a 1865. Sai a 1867 wani likitan fiɗa, Lister na Gilasgo ta Birtaniya, ya bayyana yadda yake wanke rauni da kayan fiɗa da ruwan kabolik mai kashe ƙwayoyin cuta, a hankali aka bi. Ka ga uwar miji ba ita kaɗai ke da wuyar juyawa ba.

Abin da ban taɓa gaya maka ba: babbar yayarku, 'yata ta fari, an cire mata beli a kwana na uku, ina tsaye, da takardar shaidata a aljihu, don na kasa haɗa ido da uwata. Ta rayu, alhamdu lillahi. Amma a yawon aiki na shiga wani gida inda jini ya ƙi tsayawa, na kuma ga jaririn da ya sandare, baki ya ƙulle ya kasa kama nono, kwanaki bayan aska ta taɓa shi. Sauran 'ya'yana biyar da belinsu suke yawo, kana ganinsu, ba wanda ya hana shi cin tuwo. Uwata ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwata da kyau.

Sai dai kada ku kori wanzami daga ƙofa kamar mai bara, irin yadda 'yan boko ke yi. Shi ya aske ubanka ranar sunansa. A kira shi ya yi askin suna, a ba shi goronsa da kasonsa na nama yadda aka saba. Ka sayo sabuwar reza a buɗe ta a gabanka, don aska ɗaya a kai goma ita ke yaɗa ciwon hanta. Katin rigakafin yaron kuma kada a jefa shi ƙarƙashin katifa a manta.

Maganar Hajiya kuwa, kai ba ka isa ka yi ta ba, matarka ma ta kama bakinta, ɗanyen jego ne da ita. Ina tafe ranar Alhamis a motar safe. Ka sa a dama mini kunun kanwa, ka kuma faɗa wa Hajiya ƙanin mijinta zai kwana biyu, akwai tsohon tabo da zai nuna mata.