'Yata ta koma yin Kirsimeti a watan Janairu, ta ɓata ne?

Tambaya: Baba Rabaran, 'yata tana aure a Addis Ababa, mijinta ɗan cocin Otodoks na Habasha ne. Bara na kira ta ranar 25 ga Disamba don mu yi barka, sai ta ce azumi suke yi, bikinsu sai 7 ga Janairu. Wani mai wa'azi a unguwarmu ya ce ƙungiyar asiri ta shiga, in kawo kuɗi a yi mata addu'ar kuɓutarwa. Tun ranar ban samu barci ba. Daga wata uwa a Kafanchan.

Amsa: Mama, ki kwantar da hankalinki, kuma kada ki ba mutumin nan ko kwabo. Ikkilisiyar da 'yarki take ciki ta karɓi bishara tun ƙarni na 4, zamanin Sarki Ezana na Aksum, tsohuwar daular Habasha, sama da shekara 1,000 kafin 'yan mishan su taka ƙasarmu.

Bambancin na kalanda ne. A 1582 Fafaroma Gregory na 13 ya gyara lissafin shekara, aka tsallake kwana 10. Ikkilisiyoyin gabas da dama suka zauna kan tsohon lissafi, yanzu tazarar ta kai kwana 13. Shi ya sa 25 ga Disamba ta cocin Rasha da na Sabiya take faɗawa 7 ga Janairu a wajenmu. Kibɗawan Masar da Habashawa, kowa da tasa kalandar, su ma ranar suke biki. Armeniyawa kuwa 6 ga Janairu suke haɗa haihuwar Almasihu da baftismarsa.

Azumin da ta ambata na kwana 43 ne, ba nama, ba madara, ba ƙwai. A daren Genna, wato Kirsimetinsu, jama'a kan yafa farin mayafin auduga su kwana a tsaye suna sujada. Dubbai kan nufi Lalibela, inda aka sassaƙa majami'u cikin dutse. Da gari ya waye a buɗe baki da doro wat, miyar kaza mai yaji da dafaffen ƙwai, a ci da injera, wato gurasarsu mai faɗi. Ki gaya mini, mutumin da ya yi mako shida yana ƙasƙantar da kansa don tarbar Mai Ceto, shi za a kira ɓatacce?

Abin da ke ci mini rai ke nan. Kowace shekara, da hunturu ya shigo, sai saƙonni su cika WhatsApp. Wannan ya ce duk wanda bai yi ranar 25 ba ya fita daga bangaskiya. Wancan ya ce masu yin ranar 25 gunki suke bauta wa. Dukansu a tambaye su sura da aya, ba su da ita, domin babu. Matiyu da Luka ne suka ba da labarin haihuwar, kuma babu wanda ya faɗi wata ko rana a cikinsu. Shaida mafi daɗewa ta bikin 25 ga Disamba daga Roma take, shekara ta 336. Iyayen ikkilisiya ne suka keɓe rana don tunawa, kuma abu mai kyau suka yi, amma ceton kowa bai rataya a kanta ba. Manzo Bulus ya riga ya kashe wannan gardama a Romawa 14:5-6, ya sake a Kolosiyawa 2:16, inda ya hana a hukunta ɗan'uwa kan idi ko ranaku.

Kuma wannan jahilci yana ɓarna. Yana raba uwa da 'ya, yana sa suruki ya zama abin zargi, yana kwashe kuɗin gwauraye zuwa aljihun wanda bai taɓa buɗe littafin tarihin ikkilisiya ba. Mai wa'azin nan ya karanta Ayyukan Manzanni sura 8 kuwa? Mutumin Habasha ne Filibus ya yi wa baftisma a can.

Ki yi bikinki ranar 25 da shinkafarki da rawar zumuntar mata. Ranar 7 ga Janairu ki kira 'yarki da mijinta ki yi musu barka. In mutumin nan ya dawo da zancen kuɗi, ki kai ƙararsa gaban fastonki da dattawan ikkilisiya, don akwai wasu iyaye da zai je wa da irin wannan magana.