Shafi ya koma fari bayan saka sabon filogin a WordPress

Malam, ka ce da ka kunna sabon filogin (ƙaramar manhajar da ke ƙara wa shafi wani aiki) a WordPress, manhajar gina shafukan intanet, shafinka ya koma fari fat, har sashen gudanarwa ya ƙi buɗuwa. Galibi hakan yana faruwa ne idan filogin ɗin bai jitu da wani da ke wurin ba, ko kuma yana buƙatar PHP (harshen kod da WordPress ke aiki da shi) da ya fi naka sabunta.

Ka fara duba imel ɗinka, domin tun fitowar WordPress 5.2 a 2019 manhajar takan aiko wa mai shafi mahaɗin shiga ya kashe abin da ya jawo matsalar. Idan saƙon bai zo ba, ka shiga cPanel (wurin sarrafa fayilolin shafi da kamfanin da ke ajiye maka shi yake bayarwa), ka buɗe foldar wp-content/plugins, ka sauya sunan foldar filogin ɗin, nan take zai daina aiki. Ni kaina na taɓa kwana ina neman matsalar, ashe wannan kaɗai ya isa.

Kada ka goge komai kafin ka adana kwafin fayiloli da rumbun bayanai, kuma ka guji filogin na kuɗi da ake rabawa kyauta, domin sau da yawa akan ɓoye mugun kod a ciki. Idan shafin bai dawo ba, ka nemi kamfanin da ke ajiye maka shi ya duba rajistar kurakurai.