Amsa ga ƙanwarmu kan ba wa mai aikin goge-goge ihsani

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan uwa barkanmu da warhaka, ya gida ya yara? Ku yi haƙuri murya zan yi, don maganar ta fi ƙarfin rubutu.

Ƙanwata, na saurari tambayarki. Kin ce akwai matar da ke zuwa miki shara da goge-goge sau ɗaya a mako, ta hannun kamfani kika same ta, kamfanin kike biya. Shi ne kike tambaya ko ya kamata ki riƙa ɗora mata wani abu a kai, nawa za ki ba ta, kuma yaushe. Wata 'yar uwa ta amsa miki cewa ai an riga an biya, magana ta ƙare. To ni dai ban ga haka ba, ki saurare ni.

Kafin a zo maganar ihsani akwai haƙƙi, kuma nan ne da yawanmu muke tuntuɓe. Haƙƙi shi ne kuɗin da kuka yi yarjejeniya a kai, a biya shi cikakke, ran da aka ce za a biya. Hadisi ne sananne, a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Za ki ga mace ta riƙe wa mai aiki kuɗinta mako biyu, mako uku, "ki dawo gobe, maigida bai ba ni ba", sannan ran da ta ga dama ta miƙa mata ɗan canji a kai tana jiran godiya. Wallahi wannan yana ci min rai. Matar nan da kuɗin take lissafin haya da kuɗin mota da makarantar yaranta, jinkirin kwana uku a wurinta babban abu ne. Idan kin san abin da kike biya bai kai wahalar aikin ba, ki ƙara ainihin kuɗin aikin tukuna. Ƙarin albashi tana iya dogara da shi kowane wata, ta tsara rayuwarta a kai. Kyauta kuwa yau akwai gobe babu.

Kuma fa ba ƙaramin al'amari ba ne. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, a rahotonta na 2021 ta ce masu aikin gida a duniya sun kai miliyan 75.6, kusan kashi uku cikin huɗu mata ne, kuma wajen takwas cikin goma ba su da wata kariya ta hukuma, babu fansho, babu inshora. Shi ya sa tun ranar 16 ga Yuni, 2011 aka amince da yarjejeniya mai lamba 189 domin su, wadda ta ce a biya su da kuɗi aƙalla sau ɗaya a wata, a kuma ba su hutun awa 24 a jere kowane mako. Kin ga ke nan matar da ke durƙusawa tana wanke miki banɗaki, mai yiwuwa ran da ta kwanta ciwo ba ta da ko sisi a ranar. Da wannan idon nake so ki dubi tambayarki.

To, ya zama dole? A'a, ba dole ba ne, kuma ya danganta da inda mutum yake zaune. A Amurka abin ya zama jiki, mutane kan ɗora kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin aikin, wato aikin dala 100 a ba da 115 ko 120, musamman idan zuwa ɗaya ne ko babban aiki. A Japan kuwa ba a saba da shi ba, kina iya miƙawa a mayar miki cikin ladabi. Wasu ƙasashen ma ba su bar abin a hannun uwar gida ba. A Italiya da Brazil da Filifin, mai aikin gida da aka ɗauka bisa ƙa'ida tana da albashin wata na 13 a ƙarshen shekara, doka ce ta ba ta. Wadda ke zaune a irin waɗannan wuraren kada ta biya wannan ta ɗauka ta yi kyauta, bashi ta sauke. Don haka ki tambayi maƙwabtanki yadda ake yi a inda kike.

Yanzu naki. Tunda ta kamfani take zuwa, ki sani abin da kike biya ba shi ke shiga hannunta ba. Kamfani zai cire nasa, kuɗin ofis, kayan aiki, riba, abin da ya rage shi ne nata, kuma sau da yawa bai taka kara ya karya ba. Irin wannan ta fi buƙatar ihsaninki a kan wadda ke aikin kanta, ita ta yanka farashinta, kuma duka kuɗin nata ne. Amma ki kira kamfanin ki tambaye su abu biyu: an yarda ma'aikata su karɓa? Idan aka haɗa da kuɗin biya ta waya ko ta kati, yana isa gare ta duka? Akwai kamfanonin da suka hana karɓa, kada ki jawo mata matsala a wurin aiki da niyyar alheri. A Amurka tun 2018 doka ta hana mai kamfani ko manaja riƙe irin wannan kuɗin na ma'aikata, amma ba ko'ina ake da wannan ba. Ni shawarata, idan an yarda, ki sa mata a hannunta. Idan su biyu ko uku suka zo, ki raba ki ba kowacce nata, kada ki damƙa wa ɗaya ki ce ku raba, kina iya haɗa su rigima ba ki sani ba.

Batun yaushe, tunda duk mako take zuwa ba sai kin ba ta kowane zuwa ba. Idan kika fara haka ba ki da ƙarfin ɗorewa, ran da kika tsallake za ta tafi gida tana tunanin ko laifi ta yi. Gara ki tara, lokacin biki ko ƙarshen shekara ki ba ta kwatankwacin kuɗin zuwa ɗaya ko na mako guda, gwargwadon ƙarfinki. Sai kuma ranakun da aiki ya wuce na kullum: an yi taro a gidan, an tashi daga gida ko an tare a sabo, an yi fenti ƙura ta cika ko'ina, ko kin ce ta tsaya bayan lokacinta. Na ƙarshen nan ma ba na sa shi a layin kyauta, awar da ta ƙara aiki ce, ki biya ta. Haka idan kika soke zuwanta da safiyar ranar, ta riga ta hana wani gidan wannan lokacin, ya kamata ki ba ta kuɗin ranar ko aƙalla rabi.

Sai yadda ake bayarwa, wanda a wurina ya kai nawa aka bayar muhimmanci. Ki sa a ambulan, ki kira ta gefe, ki ce mata na gode, na ga yadda kika gyara wuri kaza. Kada ki ba ta a gaban baƙi, kada ki sa yaro ya miƙa mata, kada ki ajiye kuɗi a kan tebur ki yi shiru. Mai gaskiya ba za ta taɓa kuɗin da ba a ce nata ba ne, za ta ma ɗauka gwada ta kike. Idan ba kya gida, ki rubuta sunanta a jikin ambulan ɗin. Kuma don Allah bayan kin ba ta, kada ki mayar da shi igiyar ɗaure ta, gobe ki ce ai na ba ki kaza, ki tsaya ki yi min wanki. Abin da aka bayar don Allah ba a bin sa da gori.

Wata ta tambaya a ƙasa, idan aikin bai yi kyau ba fa? Ki faɗa mata da bakinki, cikin mutunci, ki nuna mata inda kike so a gyara. Hana kyauta a yi shiru ba ya koya wa kowa komai, ba ta ma san abin da ya faru ba.

Game da ba da kayan sawa ko kayan gida maimakon kuɗi, babu laifi idan masu kyau ne, irin wanda ke ma za ki iya amfani da shi. Ki tambaye ta tukuna ko tana so, ki bar mata ƙofar cewa a'a. Amma kada ya tsaya a madadin kuɗin, don mai gidan haya ba zai karɓi tsohuwar riga ba. Idan kuma wannan watan ba ki da hali, ki faɗa wa kamfanin cewa kin ji daɗin aikinta, ki ambaci sunanta, ki kuma haɗa ta da wasu gidajen da kika san za su riƙe ta da mutunci.

Ki fara kiran kamfanin gobe ki ji tsarinsu, sai ki sanar da mu. Wassalamu alaikum.